Ranar da Aka Zo wa Baba Jajen Ƙwallo

Babanmu bai taɓa buga ƙwallo ba, bai kuma taɓa yarda wani cikinmu ya buga ba. Muna yara, in ya dawo daga ofis ya tarar da kai a fili kana bin ƙwallo, ranar kunnenka zai gaya maka. Shi ya sa har yau nake dariya in na tuna cewa wannan mutumin ne, bayan ya yi ritaya, ya zama shugaban masu sharhin ƙwallon Amurka a layinmu na Unguwar Rimi.

Yayana ne ya jawo mana. Ya tafi Amurka karatu, ya gama, ya zauna, ya samu aiki da wata ƙungiyar ƙwallo irin tasu ta can, wadda ake rungumar ƙwallon a zura da gudu, ƙatti su bi mutum su danne. Aikinsa gasa wa 'yan wasa jiki da ɗaure musu gwiwa. Baba ya faɗa a majalisa cewa ɗansa likitan ƙungiya ne. Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya kai masallaci cewa Yaya ne ke zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna a benci. Baba ya ji, bai gyara wa kowa ba.

Majalisar benci biyu ce da tabarma a ƙofar gidanmu, gindin darbejiya, daga la'asar zuwa magariba. Mutane kan zo su tafi, amma biyu ne ba sa fashi. Akwai tsohon hedimasta, maƙwabcinmu, wanda bai taɓa cewa "ban sani ba" ba tun da na san shi. Akwai kuma tsohon direban ofishin su Baba, mutumin Zamfara, da ke hawo keke mai ƙafa uku tun daga Rigasa don kawai a yi musu da shi. Ni kuma malamin sakandare ne, ina zaune a Kinkinau da iyalina. In na tashi daga makaranta nakan biyo in gaishe da su Baba, sai aka naɗa ni mai karanta musu labarin ƙungiya daga waya.

Babu wanda ya taɓa kallon wasa guda daga farko har ƙarshe a cikinsu. Ana buga wasan ne lokacin da Kaduna ke barci, abin da ke iso mana 'yan guntayen bidiyo ne da safe. Wannan bai hana kowa zama gwani ba. Ba su iya sunayen 'yan wasan ba, sai suka raɗa musu nasu. Akwai Mai Jifa, wanda ke wurga ƙwallon, akwai Ɗan Tsere, akwai wasu ƙatti da ke tsayawa a gaba waɗanda aka haɗa aka kira Buhunan Masara.

"Wanga mai tumbi mi ya ka yi cikin hili?" in ji direba, yana dungurin wayata da yatsa. "Ko gudu bai iyawa. Yallaɓai, ka ce ma yaro a saishe shi."

"Kai ba ka fahimci tsarin ba," in ji hedimasta. "Tumbin shi ne aikinsa. Katanga ce. Matsalarmu a baya take, ba mu da masu tsaron gida."

Wasan da ba shi da gola, ban san wane gida ake tsaro ba. Ranar da na karanta musu cewa a can ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa, hedimasta ya ce wannan zalunci ne, kamar a ɗauki daƙiƙin aji a ba shi kyauta. Direba ya ce shi bai ga abin mamaki ba, ai haka ake rabon muƙami a nan ma. Duk shawarar da aka yanke, sai a sa ni in ɗauki muryarsu in tura wa Yaya. Shi kuwa ya amsa da "To, Baba, za a duba," su kuma su gyara zama kamar an riga an aiwatar.

Mutum ɗaya ne majalisa ta haɗu a kan tsanarsa. Wani siriri ne da ba ya shiga fili sai in za a buga ƙwallon da ƙafa, ta bi tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu. Ya buga, ya koma ya zauna. Kuma yakan ɓarar, musamman in an fi bukatarsa. Direba ya sa masa suna Cima-zaune. Kullum sai an kawo ƙudurin a kore shi, kullum sai Baba ya ce, "A bar yaro ya ci abincinsa." Muka ɗauka tausayi ne irin na tsofaffi.

A wajen kallon bidiyon nan na gane Baba ba ya gani sosai. Wata la'asar na miƙa masa waya, ya riƙe ta dab da hanci yana kaɗa kai, yana cewa, "Kai, wannan kamu ya yi kyau." Na leƙa, ashe fuskar wayar ta daɗe da mutuwa, baƙi ƙirin. Na karɓi wayar kafin wani ya lura, washegari na kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa. Ganin yana tsukewa ne daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran kuma ba shi da tabbas. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce in akwai abin da Baba ke son gani, kada a jinkirta.

Akwai kuwa. Yaya ya yi shekaru bai zo gida ba saboda matsalar takardu, kuma a shekarar ne takardun suka fito. Ya ce hutunsa yana farawa ne ranar da wasan ƙungiya ya ƙare. In an fitar da su da wuri, da wuri zai taho. In suka yi ta ci har wasan ƙarshe, sai ya ƙara makonni, in kuma suka ɗauki kofi, akwai shagulgula a gaba da ba a san ranar gama su ba. Da farko hankalina bai tashi ba, domin ƙungiyar nan ta shahara wajen komawa gida da wuri. Mutum zai iya dogara da ita a kan wannan.

Sai shekarar nan suka tsiri cin wasa. Mai Jifa ya daina jefa wa abokan gaba, Buhunan Masara suka zama katangar gaske. Ban taɓa jin haushin mutanen da ban sani ba kamar yadda na ji haushin ƙattin nan. Duk safiyar da na buɗe waya na ga sun ci, sai in ji kamar in maka ta da bango.

Na sami Baba a ɗaki na ce, "Baba, ka bar ni in gaya wa Yaya maganar idon nan."

"Ka gaya masa ya yi me? Ya ajiye aikin mutane a tsakiya ya taho? A ce ɗana ya gudu ana tsakar neman kofi?"

"Baba, ba shi ke buga wasan ba. Gwiwa yake ɗaurewa."

"Gwiwar ai da ita ake gudu. Ban yarda ba, kuma ban yarda uwarku ta faɗa ba."

Na fito ina huci. Na sha ɗaukar waya zan kira Yaya in ajiye, domin a gidanmu in Baba ya ce bai yarda ba, magana ta ƙare. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, na riƙa ganin tsohon nan ya fifita bakin majalisa a kan idonsa.

Majalisa kuwa ta haukace. Hedimasta ya sanar cewa bisa nazarinsa kofi ya riga ya zo, sai dai a yi maganar baɗi. Mutanen da ba su ma san cewa ƙwallon tana da siffar gwanda ba suka fara tsayawa suna tambayar lafiyar kafaɗar Mai Jifa. Da aka shiga wasannin da in an ci ka ka fita, sai direba ya kawo shawarar a riƙa sadakar waina duk Juma'a don Allah ya ba yaranmu nasara. Aka yi karo-karo, aka riƙa kawo waina cikin ƙaton kwano, Baba ya ɗaga hannu ya yi addu'a a hankali, kowa ya shafa.

Mama ba ta yi musu da kowa ba. Ita ma ta fara soya ƙosai duk Juma'a tana rabawa ta ƙofar baya. Na tambaye ta na mene ne, ta ce, "Su suna roƙon a ci, ni ina roƙon a cinye su. Allah ya san wanda ya fi bukata." Masu gadin layinmu da yaran maƙwabta suka riƙa cin waina a ƙofar gaba, su zagayo su ci ƙosai a ta baya, su ce amin a duka biyun.

Ana haka ganin Baba na ƙara tsukewa. Ya fara laluben bango in zai shiga zaure. A majalisa yakan gane mutum ne da murya, amma ya ƙware wajen ɓoyewa, sai ya jira ka yi sallama sannan ya ce ai tun daga nesa ya hango ka. Ƙungiya ta ci, ta sake ci, har ya rage wasa ɗaya tsakaninta da wasan ƙarshe.

Da safiyar da sakamakon ya fito, na idar da sallah a Kinkinau na buɗe waya ba da son raina ba. An cinye su. Da ɗan ƙanƙanin bambanci, a daƙiƙar ƙarshe. An kira siririn nan ya buga bugun da zai kai su wasan ƙarshe, ya auna, ya ja da baya, ya zabga ƙwallon can gefe. Na yi kabbara har matata ta fito da gudu tana tambaya ko lafiya.

Kafin in isa Unguwar Rimi, majalisa ta riga ni, abin da ba ta taɓa yi da hantsi ba. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Baba na zaune a tsakiya da farar riga da carbi, kansa a sunkuye. Duk wanda ya zo sai ya cire takalmi, ya durƙusa, ya miƙa hannu.

"Alhaji, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya sa haka shi ya fi alheri."

"Amin, amin."

Wani mai mota da ke wucewa ya taka burki ya fito, ya zauna ya yi addu'a, sannan ya raɗa mini, "Wa ya rasu?" Na ce masa kofi. Hedimasta ya yi bayanin cewa shi dama tun farko ya hango rauni a tsarin. Direba kuwa idonsa ya yi ja.

"Yallaɓai, sau nawa ni ce a kori wanga Cima-zaune? Kai ka hana! Ga shi ya kashe mu."

Baba ya ce, "Ƙaddara ce." Daga cikin gida kuwa ana jin luguden turmi, Mama ta fara dakan yajin da Yaya ke so.

Da mutane suka watse, Baba ya dafa kafaɗata muka nufi ciki. Ina jin haushinsa har lokacin, don haka na ce, "Baba, sai haƙuri, sadakar waina ba ta karɓu ba."

Ya tsaya a tsakiyar zaure. "Wa ya ce maka? Su suka kawo waina, ni na yi addu'a. Akwai wanda ya ji abin da na roƙa?"

Na juyo na dube shi.

"Tun da aka fara na duba ƙungiyar nan kaf," ya ce, "ban ga wanda zan dogara da shi ba sai siririn nan. Ba zan ce ɗana ya bar aikinsa saboda ni ba. Amma in aikin ne ya sallame shi, ai ba laifina." Ya matse kafaɗata. "Je ka ce a share masa ɗaki."

Yaya ya iso cikin makon da ya biyo. Baba bai yarda a gaisa a falo ba, ya ce a fito tsakar gida inda rana take. Ya kama fuskar Yaya da hannu biyu, ya matso da ita, ya riƙa karkata kai hagu da dama yana neman inda za ta shiga ɗan ganin da ya rage masa. Ya daɗe a haka. A nan Yaya ya gane, ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

"Furfura ce wannan?" in ji Baba.

"Ita ce, Baba."

"To, na gani."

Mama ta juya ta shige kicin, ni ma hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Kafin damina ta sauka, sauran ganin ya tafi gaba ɗaya.

Amma a yammacin ranar da Yaya ya iso, majalisa ta cika maƙil, kowa ya zo da shawararsa ga mai zaɓen 'yan wasa. Yaya na zaune kusa da Baba, Baba na riƙe da wuyan hannunsa. Hedimasta ya ce baɗi kofi namu ne in aka gyara tsaron gida. Direba ya matso ya ce shi buƙatarsa guda ce tak, in an koma a fara da korar Cima-zaune.

Yaya ya buɗe baki zai amsa, Baba ya riga shi.

"Ba inda za shi," ya ce. "In ka koma ka gaishe mini da shi. Ka ce wani tsoho a Kaduna yana sa masa albarka."