Gilashin da Ke Kan Tsaga

Direban tanka yana jiran a juye ruwan motarsa, idonsa na kan wani dattijo a gindin hasumiyar kankare mai ɗauke da fankar samar da lantarki da iska. Hular kwano a hammata, riga sharkaf da gumi. Da gani injiniya ne, ƙila ma shi ya zana ta.

An manna ɗan gilashi a kan wata tsaga a jikin kankaren, don in tsagar ta ƙaru ya fashe. Ya kuwa fashe. Dattijon yana shafa wurin kamar goshin ɗa mai zazzaɓi.

"Baba, lafiya?" in ji direban.

"Ɗana, matsar da motarka can nesa."

Shi kuwa dattijon bai gusa ba, fankar na ta juyawa bisa kansa.