Makau da Fiyar Randa

Duk wanda ya san Makau a Gwashi, da dashe ya san shi. Ba ya iya shan mangwaro ya yar da ƙwallon, sai ya cusa shi a aljihu, har matarsa Saude ta gaji da tsintar ƙwallaye in tana wanki. Gonarsa ta gado kewaye take da mangwaro da gwaba da zogale, duk aikin hannunsa.

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, ya kwaso iyalinsa a bayan mota suka yo Anka, da tabarmi da randar Saude, wadda gindinta ya tsage tun a hanya. Malam Nababa, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya ba su aron ɗakuna a bayan gidansa, ya ce su zauna har Allah ya kawo sauƙi. Makau ya kama tura kurar ruwa, yana ci da gidansa.

A wajen kai ruwan ne wani mutumin Mambila mai haƙar zinariya a Bagega ya ba shi fiya. Ya ci, ya ce abin ba zaƙi ba gishiri, bai ga dalilin tsadarta ba. Amma da ya ga ƙwallon, sai aljihu. Hali zanen dutse.

Sai dai ba a dasa icce a wurin aro. Gero da dawa ka shuka, ka girbe, ka tafi. Icce kuwa wanda ya dasa shi tamkar ya ce wurin nasa ne, kuma Makau ya sha ganin zumunci ya ɓaci a kan haka. Don haka ya cika tsagaggiyar randar nan da yashi da taki, ya binne ƙwallon rabi a waje, ya ɗora ta kan duwatsu don kada ta taɓa ƙasa. Ya ce ranar da za su koma Gwashi, da ita za a tafi.

Maƙwabta suka yi ta yi masa tsiya, wai fiya ba ta san zafin Zamfara ba tukuna. Shi dai da bazara yakan ja ta inuwar katanga, ya tsinke ganyen da ya ƙone. Duk Juma'a yakan karkata randar ya yanke 'yan saiwoyin da suka leƙo ta tsagar. Haka fiyar ta kai masa kafaɗa, siririya, kamar ba ta ƙoshi.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi ya daɗe, duwatsun suka nutse cikin laka ba wanda ya kula. Da ya tashi ya tarar fiya ta yi kore shar, ta wuce kansa. Ya kama randar zai karkata, ta ƙi motsi. Saiwa mai kaurin babban yatsa ta bi ta tsagar ta shige ƙasar Nababa.

In ya yanke ta, da wuya iccen ya rayu. In ya bari, ya yi dashe a gidan mutumin da ya rufa masa asiri. Saude ta ce ya yi shiru, wa ke leƙa gindin randa? Bai iya ba. Bayan la'asar ya kira Nababa, wuƙa na hannunsa, ya nuna masa.

Nababa ya duƙa ya daɗe yana kallo. «Kai kad dasa ta?»

«Wallahi ban dasa ba.»

«To abin da yad dasa kainai, ni da kai mu ka tsige shi? Aje wuƙag ga. Amma hwa randag ga ita ka shaƙe ta.»

Ya kakkaɓe gwiwa ya koma rumfarsa. Makau ya ji daɗi, ya kuma ji zuciyarsa ta yi nauyi, don ya san iccen da ke ƙasa ba a ɗora shi a bayan mota. Randar ta Saude ce, saboda haka ya tambaye ta ko ya fasa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko taɓarya ta miƙa masa.