Hoton Saratu a Ƙunshin Daddawa

'Ya'yana, ku ji abin da ya same ni yau. Barka na je yi, na ƙare da ta'aziyya!

Da safe na sayi daddawa a Ƙofar Kibo, aka ƙunsa mini a tsohuwar jaridar garin nan. Ina kwancewa sai ga fuskar Saratu! Saratu ta Wusasa, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda mijinta ya yi aikin jera haruffa tun kafuwar jaridar. Ga ta da ɗankwalinta na zuwa coci, an kewaye ta da baƙin layi. Na ce, "Kai, Saratu an zama manya!"

Na miƙar da takardar da tafin hannuna, na ɗaura zanen fita, na nufi Wusasa. Rabona da can tun kafin ciwon ƙafar nan.

'Yarta Rahila ce ta tarbe ni. Na ɗaga takardar na ce, "Ina tsohuwar? Ta shiga jarida, shi ne ko aike babu?"

Rahila ta dubi takardar, ta dube ni. Sai hawaye.

"Inna, sanarwar rasuwarta ce. Wata uku ke nan."

Innalillahi! Nan na zube a ƙasa.

Ta ce, "Da ba mu gan ki ba, mun ɗauka fushi kike yi. A jarida muka sa, don kowa ya ji."

Kowa ya ji, 'ya'yana. Ni da ban san ko harafi ɗaya ba, sai yau mai daddawa ta isar mini.