Ɓarawon Kifina a Jikin Tsintsiya

Zan iya manta ranar da aka miƙa min takardar digiri, amma ba zan taɓa manta wata safiyar Asabar a bayan gidanmu na Kpakungu ba. A ranar ne na tsuguna gaban bokiti ina kallon ƙwaro, yayana kuma yana tsaye a kaina da magini da guduma.

A lokacin na daɗe da gama jami'a. Babu ofishin da takalmina bai taka ba a Minna, har na haddace fuskokin masu gadi. Da na gaji da "a dawo wani mako", sai na je na koyi kiwon tarwaɗa. Yayana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya gina min kwamin siminti a ɗan filin da ya rage bayan ɗakin Inna, duk da shi ɗakin haya ya so tayarwa a wurin. Sana'ar tawa ita ce in sayo 'ya'yan kifi tun suna siririn zare, in raine su su kai tsawon yatsa, in sayar wa masu manyan tafkuna.

An koya mana cewa kafin a zuba 'ya'yan kifi, sai a cika kwami a bar ruwan makonni har ya yi kore, domin a cikin koren nan abincinsu na farko yake. Haka na yi, ban rage komai ba. Ruwa na yin kore sai ga mazari sun mai da wurin dandalinsu, wasu ja, wasu shuɗi, suna shawagi suna ɗan tsoma wutsiya a ruwan suna tashi. Inna ta gani ta ce, "Alheri ne wannan, mazari ba ya bin ruwan banza." Ni kuwa sokuwa har hoto nake ɗaukarsu da waya ina tura wa ƙawaye.

Zubin farko, kifi suka ɓace. Ba mutuwa suka yi ba, da mutuwa ce ai da na ga gawa. Raguwa kawai suke yi kullum, kamar ana tsame nama a tukunya. Zubi na biyu ma haka. Inna ta ce baki ne ya kama sana'ar, ta yi tofi, ta yi hayaƙi. Ni na ce tsuntsaye ne, na rataya ledoji ko'ina, na kuma ƙulla gaba da wata baƙar mage da ba ta ci ba, ba ta sha ba. Da zan yi zubi na uku Yaya ya kira ni gefe ya ce, "Kin san ba na magana biyu. Idan wannan ma ya tafi, zan rushe kwamin in yi ginina."

Bayan zubi na ukun, wata Juma'a bayan la'asar na ga ruwan ya yi shiru da yawa. Na buɗe bututu na tsiyaye shi. Kifin da suka rage ba su cika tafin hannu biyu ba. Amma a cikin lakar ƙasan kwamin wasu ƙwari ne birjik, munana, launin ƙasa, idanu ƙulu-ƙulu, ba fiffike ba komai. Ina tsaye ɗaya ya harbo wani abu daga ƙasan bakinsa ya cafke min ɗan kifi. A gaban idona fa! Na ce, "Lallai, ku ne?" Na share su da tsintsiya na zuba a bokiti da ɗan ruwa, na cusa tsintsiyar a ciki, da niyyar in dafa ruwa in sheƙa musu. Ban kai ga hura wuta ba kuka ya ci ƙarfina. Na buga wa Yaya waya na faɗa masa gaskiya, ya ce gobe da safe zai zo da magini.

Gari na wayewa na tafasa ruwa, na ɗauko butar na nufi bokitin, zuciyata kamar ta ƙone. Sai na ga ɗaya daga cikin ƙwarin ya hau tsintsiya ya maƙale a sama, bai ko motsi. Na ɗaga buta ke nan na ga bayansa ya tsage. Wani abu fari-fari, laushi, ya fara turo kai daga cikin tsagar. Na ajiye butar ban san na ajiye ba. A hankali ya zaro ƙafafu, ya huta, ya zaro dogon jiki, ya bar tsohuwar fatar a maƙale da tsintsiya fanko. A bayansa akwai wasu abubuwa a cukurkuɗe kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ina kallo suka riƙa miƙewa, suna faɗi, har suka zama fukafukai huɗu.

Na ƙwala wa Inna kira. Ta fito da carbi a hannu, ta leƙa, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Yau ga baƙon da na yi ta yi wa maraba."

Muna nan Yaya ya shigo, magini na biye da shi. Ya ce in matsa su fara aiki kafin rana ta yi zafi. Na ce, "Yaya, don girman Allah tsuguna ka ga ɓarawon."

Ya tsuguna yana tsaki. Can ya ce, "Wannan ai mazari ne."

Na ce, "Shi ne. Tsoma wutsiyar nan da suke yi, ƙwai suke zubawa. Duk makonnin da nake barin ruwa ya yi kore a buɗe, 'ya'yansu nake raino, in sun girma kuma in kawo musu kifi su ci. Idan na rufe kwamin da gidan sauro tun ranar da na cika shi, babu ta inda za su shiga."

Ya ce, "Kullum da sabon labarinki. Wancan karon mage ce."

Na ce, "Wancan karon zato ne. Wannan kuwa ga shi a gabanka."

Na san halin Yaya, a'a ce ke shirin fitowa daga bakinsa. Inna ce ta dafa kafaɗarsa ta nuna masa sauran ƙwarin da ke rarrafe a gindin bokiti, ta ce, "Babana, da jiya aka nuna maka wannan mummunan, aka ce akwai fiffike a cikinsa, za ka yarda? Ka bar yarinyar nan ta gama fitowa."

Wallahi sai na ji hawaye sun zubo min, kuma ba irin na jiya ba. Magini ya ce, "Oga, rana tana yi fa." Yaya bai ko waiga ba. Mu huɗu muka zuba wa tsintsiya ido har rana ta haye katanga ta bugi fukafukan, suka bushe suka fara ƙyalli. Mazarin ya karkaɗa su, ya yi sama, ya haye rufin maƙwabta. Yaya ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa ya ce wa magini, "Ajiye gudumar nan. Kafa mata sanduna a kusurwoyi inda za ta ɗaura gidan sauron." Da yamma ya aiko min da na gadonsa, ya ce in haɗa da nawa in ɗinke.

Sauran ƙwarin ban ƙona su ba. Na kai su rafin da ke bayan unguwa na juye, daga baya ma na ji cewa 'ya'yan sauro suke ci a can. Zubi na huɗu kuwa, sai da na ari robobin maƙwabta kafin na samu wurin zuba kifin da na kwashe, kuma da wannan sana'ar nake ci har yau.

Abin da safiyar nan ta koya min shi ne, daɗewa a cikin laka ba ya nufin nan ne makoma. Shi ya sa duk wanda ya zo min yana cewa tasa ta ƙare, nakan ce masa ya dakata da rushewa tukuna, ya tsuguna ya duba da kyau, domin ni saura ƙiris in ƙona amsata da ruwan zafi.