Alkawarin Dakta Binta ga matan Gyaɗi-Gyaɗi

Ina bakin titi ina jiran adaidaita da safen nan aka kira ni a waya: Dakta Binta ta rasu.



Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce shugabata a ɗakin gwaje-gwaje, ita ta koya mini aiki tun ban iya riƙe sirinji ba. Ita Musulma, ni Kirista 'yar Filato, amma ko azumi take yi sai ta tambaye ni, "Saratu, kin ci abinci kuwa?"

Lokacin korona duk muna cikin tsoro, ita kuwa tana ta nuna mana wayarta. Masana sun baza bayanan ƙwayar cutar a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Ta ce, "Kun gani? Da kowa ya ɓoye nasa, da rigakafin nan sai dai jikokinmu."

Da rigakafin ya iso, muka fara bincike mu ga yadda jikin mutanenmu ke karɓarsa. A tashar 'yan adaidaita ta Gyaɗi-Gyaɗi muka ɗebi jini, don nan ne mutane suke a tare, ba sai ka yi sallama a ƙofar gidan kowa ba. Muka rubuta, muka aika wa wata mujallar kimiyya. Ƙa'idarsu ita ce sai wasu masana da ba ku san juna ba sun tankaɗe aikin kafin a buga.

Ɗayansu ya dawo mana da tambaya: ina mata?

Kun san ni da zuciya. Na ce mutum yana can cikin sanyin esi, bai san ranar da ta dake mu ba. Dakta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "To ai gaskiya ya faɗa! Mu mata ne ke aikin, kuma mun manta da mata. Maza kaɗai ake yi wa allurar?"

Sai ta ajiye farar riga ta ɗauki mayafi. Duk gidan da ake suna ko biki, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Babban Giji, tana nan kan tabarma. Ta yi barka, ta ci waina, sannan ta kawo zancen ɗiban jinin. Wadda ta ce sai ta tambayi maigida, Dakta ta ce ta tambaya, babu gaggawa. Ranar Lahadi kuma ni na kai ta wurin zumuntar matan cocinmu.

A wani suna ne wata dattijuwa, Inna Asabe, ta tsare ta. "Ku kullum haka kuke, ku ɗebi jininmu ku tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarku."

Dakta ta ce, "Inna, in Allah ya yarda, da ƙafata zan dawo in gaya muku abin da muka gani."

Makon jiya na je duba ta a gidanta a Tarauni, inda take kwance ba lafiya, da albishir: bayan mun ƙara sakamakon matan, mujallar ta karɓi aikin, kuma kowa zai karanta kyauta. Ta rame sosai, amma ta yi murmushi ta ce, "Alhamdu lillahi. Saura matan nan. In ban tashi ba, ke za ki je."

Na ce, "Mama, ke suka sani. Ni wa zai saurare ni?"

Ta ce, "Ki dai rage faɗa."

Da wannan fargabar na shiga gidan rasuwa ɗazu. Tsakar gida cike da mata, da yawa na gane su daga gidajen suna. Inna Asabe ta kamo hannuna, idonta jawur. "'Yata, ke ce ta Dakta ko? Yaushe za ki zo mana da maganar jininmu?"

Na ce, "Asabar, Inna."

Ta ce ita za ta bi gida-gida ta tara su.

Allah ya jiƙan Dakta Binta, ya gafarta mata, ya ba 'ya'yanta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ɗan masallaci ko ɗan coci, don Allah ya sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah ya ba ni bakin yi musu bayani ranar Asabar.