Gafara Dai

Kawuna mai fenti ne, amma duk layinmu Gafara ake ce masa. Yana saurayi aka kai shi fentin gidan talabijin. Ya saɓo tsani, bai san ana ɗaukar wasan barkwanci ba, ya ratsa ta tsakiya ya maka wa babban ɗan wasan a ƙeya. Sai da bawan Allah ya kai ƙasa sannan Kawu ya ce, "Gafara dai!" Masu ɗauka suka yi dariya har da hawaye. Tun daga nan duk mako sai an kira shi ya wuce da tsani, ya bugi wani, sannan ya nemi hanya.

Wasan ya daɗe da mutuwa, Kawu ya koma bokitin fentinsa, sunan ne kawai ya rage masa.

Da aka ce za a sake wasan da sababbin fuskoki, zama ya gagare shi. Ya ɗauko tsohon tsanin daga bayan ɗaki, ya goge, ya mayar, ya sake ɗaukowa. Ya yi ta sintiri gidan talabijin har mai gadi ya gaji da cewa, "Baba, a dawo gobe." Matarsa ta ce, "Malam, da wace gwiwar za ka ɗauki tsani?" Ƙarshe wani matashi aka ba aikin.

"Ba zai iya ba," in ji Kawu. "Kafin ya buga zai ce gafara. Yaran yanzu sai gaggawa!" Ya faɗa wa mai shago, ya faɗa wa mai aski, ni kuwa na ji har na haddace. Tausayinsa ya sa ni ma nake fatan matashin ya kwafsa.

Ranar da za a nuna, Kawu ya ƙi kujera. Ya leƙo falo, ya fita, ya dawo ya tsaya bakin ƙofa. Sai ga matashin da tsani. Ya bugi wani, ya tsaya, ya shafa tsanin yana duba ko ya ji ciwo, sannan ya dubi na ƙasa ya ce, "Gafara dai."

Falo ya kaure da dariya. Matar Kawu ta toshe baki da mayafi, amma ina! Jikarsa ta juyo tana share hawaye.

"Kaka, ashe sunan wannan mutumin aka sa maka?"

Kawu ya dubi matashin a talabijin ɗin.

"E," ya ce. "Nasa ne."