Daɓen Ƙofar Ɗakin Inna

Shekarar da aka fara maganar jirgin ƙasa zai iso Gusau, yayana ya zo Bunguɗu da magana ɗaya: idan ɗakin Inna ya sake shan ruwa a daminar nan, zai ɗauke ta ta koma gidansa a Gusau. Ban ga laifinsa ba. Danshi ya hau gindin bango har gwiwa, tabarma ta yi fumfuna, Inna kuma sai tari. Amma Baba ne ya gina ɗakin da hannunsa kafin ya rasu, kuma na san halin uwata. Ko bangon zai faɗo mata, ba za ta fita da daɗin rai ba.

Daɓe ne ya ja mana. A gidanmu in biki ya zo ba a fasa tsohon daɓe, sai a zuba sabuwar ƙasa da tsakuwa a kai a buge. Wannan kan wancan, har tsakar gida ta fi cikin ɗaki tudu. Ruwan da ya zubo daga jinka sai ya nufi gindin bango ya kwanta abinsa.

Na ce wa Inna sai an fasa duka. Ta harare ni.

"Ke ɗiyag ga, daɓen da ubanki yat taka za ki hwashewa?"

"Inna, ko daɓen ko ɗakin."

Ta yi fushi har ta ƙi cin tuwona. Ni ma taurin kaina nata ne, ban lallashe ta ba. Wata safiya na fito na tarar da tsohuwar fartanyar Baba jingine a ƙofata.

Ina sara, tana zaune tana kallo. Na ɗaye na sama, ta ce na aurena ne. Na kai wani ja, ta ce, "Wanga na sunan yayanki ne. Ina ɗaki anka yi shi, ƙarar madaɓai kaɗai nij ji." Da na kai na ƙarshe sai ta miƙa hannu ta shafa shi.

"Wanga shi nit taka ranad da anka kawo ni."

Tausayinta ya kama ni, na aje fartanya. Ta ce, "Hwasa, rana na yi." Ta dai tsinci ɓantare guda ta ƙulle a bakin zane.

Muka kira gayya. Matan unguwa suka zo da madaɓansu, muka dama fura, muka yi ta yayyafa ruwan makuba ana bugu. Na tsaya kai da fata sai daɓen ya zauna ƙasa da dokin ƙofa, ya gangara zuwa rariya. Suka yi ta tsokanata wai na yi daɓen da tulu ba zai zauna a kai ba. Na ɗebo ruwa a ƙwarya na zuba a gindin bango. Ya miƙe sai rariya.

A tsakiyar marka yayana ya dawo. Ya tsuguna ya dafa bangon, ciki da waje, ya ji shi a bushe. Daɗi ya cika ni.

Inna na tsaye a bakin ƙofa, daidai inda ta sa na binne mata ɓantaren nan a cikin sabon daɓe. Ta gyara tsayuwa a kai ta ce masa, "In ka koma Gusau, ka gaishe su."